Kafin Ki Mayar da Ita Ɗakinta

Aminiyata Hajiya,

Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara afuwa. Mu ma nan Kano lafiya ƙalau, sai zafin bazara da ya fito da kowa tsakar gida da tabarmarsa.

Na saurari saƙon muryar da kika turo har ƙarshe. Na so in kira ki a take, amma na san gidanki: kina ɗaga waya za a samu mai neman mabuɗin sito, da mai kawo ƙarar ɗan'uwansa, ga baƙi suna sallama. Maganar nan kuwa ba ta tsaye ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta, ki karanta a ɗaki bayan isha'i, in kin ga ya dace ki karanta wa Alhaji wuraren da suka shafe shi.

Ga abin da na fahimta, in na ji ba daidai ba ki gyara mini. 'Yarmu ta shigo bayan magariba da akwatinta, ido a kumbure. Kin tambaye ta abin da ya faru, ta ce ba komai. Alhaji ya ce a gidansa ba a yaji, a mayar da ita ɗakinta. Mijin bai kira ba, bai aiko ba. Ke kuma kina tsakiya, ranki na ci, bakinki ya yi nauyi, don 'yar fari ce, ko sunanta ba kya faɗa balle ki zaunar da ita ki tambaye ta abin da ke tsakaninta da miji. Kin ce in ba ki shawara: ki bi umarnin Alhaji, ko ki roƙe shi ya ɗaga ƙafa.

Ki roƙe shi, Hajiya. Kwana biyu ko uku ba za su kashe aure ba. Ni ma ba na son yaji, kuma na gane tsoron Alhaji: yarinya in ta ga ƙofa a buɗe yau, gobe ma za ta dawo. Yana da gaskiyarsa. Amma yarinyar da ta haɗa kaya, ta tari napep da magariba, ta baro ɗakin da ta yi shekaru tana mafarkinsa, akwai abin da ya koro ta. In aka mayar da ita ba a ji shi ba, da shi za ta koma, ta tarar da mijin da shi ma ba wanda ya ji nasa, su ɗora daga inda suka tsaya.

Abin da ya daɗe yana damuna game da sulhunmu ke nan. Kin sha zama a irinsa, ni ma haka. A shimfiɗa tabarma, a zaunar da yarinya kai a ƙasa, mayafi ya rufe rabin fuska. Ta buɗe baki ke nan, "Ranar da ya ce mini…", sai wata babba ta ɗaga hannu: ya isa, ba tone-tone ya tara mu ba, zo mu zauna zo mu saɓa ne, ki yi haƙuri, kai ma ka yi haƙuri, a shafa fatiha. A raba goro a watse, kowa na murna an sasanta. Bayan 'yan watanni sai ga akwatin ya dawo, wannan karon da takarda a ciki. Sai a ce yaran zamani ba su da haƙuri. Ni kuwa abin da na gani shi ne an rufe ƙurji da mugunyarsa a ciki. Haƙuri gaskiya ne, babu auren da ya yi ƙarko ba da shi ba, ke da ni shaida ne. Amma yana da lokacinsa: bayan an ji, bayan an gane inda ciwon yake. Wadda aka ce ta yi haƙuri tun ba ta faɗi abin da aka yi mata ba, abin da ya shiga kunnenta shi ne damuwarta ba ta kai a saurara ba. Daga ranar kuma sai ta daina faɗa, ta fara tarawa.

Kin san marigayiya Goggona ta Ƙoƙi, Allah ya jiƙanta da rahama. Ba ta yi boko ba, amma duk zuri'armu in aure ya rikice ita ake kai wa, kuma na zauna kusa da ita na ga yadda take yi. Ba ta ɗora yarinya a gabanta ta tsare ta da ido. Sai ta jawo faifai da wake ta ce, "Zo taya ni tsinta." Su zauna kafaɗa da kafaɗa, ido na kan wake, hannu na aiki. Ta yi hirar tsadar manja, ta yi ta wata jika da ta fara haƙori. Can sai ki ji yarinya ta fara da kanta, a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Goggo ba ta katse ta, ba ta rafka salati, ba ta cewa "Shi ɗin wa?" Abin da ke fita daga bakinta bai wuce "Uhm" da "Sai aka yi yaya?" ba. In kuka ya zo ta bar shi ya zo, ita tana ta fitar da tsakuwa. Sai yarinya ta kai aya, sannan Goggo ta ajiye faifai ta maimaita mata maganar da nata bakin: "To, bari in ga ko na ji. Ƙarancin kuɗin cefane yana damunki, amma abin da ya fi ƙona miki rai shi ne da kika tambaya, ya ce a gaban ƙannensa ke ba ki iya tattali ba. Haka ne?" Na ga yarinyar da ta ɗago kai a wannan gaɓar ta ce, "Wallahi Goggo haka ne," ta yi ajiyar zuciyar da har ni sai da na ji ta a ƙirjina.

Daga nan sai tambayarta ta ƙarshe: "Me kike so ya yi?" A nan da yawa suke cijewa, don sun kwana suna lissafin abin da ya yi, ba su taɓa tambayar kansu abin da suke so ya yi ba. Goggo kuwa ba ta sallamar mutum sai ya samo amsa, kuma amsar da miji zai iya aikatawa gobe da safe. In yarinya ta ce "Ya canza hali," sai Goggo ta ce wannan addu'a ce, a ƙara tunani. Sai an kai ga irin "In zai yi mini faɗa ya bari sai mun shiga ɗaki" sannan ta yarda. Washegari ta aika a kira mijin, ta yi masa irin wannan zaman a zaure, shi kaɗai. Sai ta gama da kowa sannan ta haɗa su.

To abu na farko da 'yarmu ke bukata ke nan: kunne. Ke ba za ki iya ba, kuma ban ga laifinki ba, da kunyar ɗan fari aka raine mu. Sai dai kunyar nan ta tashi ne a gidajen da ke cike da goggo da inna da kaka, inda in uwa ta kau da kai akwai mata biyar da za su duba. Yanzu kowa ya tare a gidansa da katangarsa. Uwa ta kau da kai, yarinya ta waiga ba kowa sai waya. Ki nemo mata wadda za ta buɗe wa cikinta, goggonta ko ƙanwarki ko ni, wadda dai ta iya riƙe baki.

In za ki yi wa Alhaji magana, ki bi ta inda ya fi ƙarfi, tunda mai karatu ne. Ki tuna masa aya ta 35 a Suratun Nisa'i, inda aka yi umarni cewa in an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Mutum biyu, kowanne daga ɓangaren da za a saki jiki da shi. Ba a ce a tara unguwa ba, ba a kuma ce a rufe bakin kowa ba. Kowa a ba shi wanda zai faɗa wa nasa ba tsoro.

Akwai kuma ƙissar da nake so ƙwarai, Buhari da Muslim duk sun kawo ta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je gidan 'yarsa Nana Faɗima bai tarar da Sayyidina Ali ba. Ya tambaya, ta gaya masa cewa wani abu ya shiga tsakaninsu, ya yi fushi ya fita, bai ma yi ƙailula a gida ba. Ya sa aka dubo shi, aka ce yana masallaci yana barci. Sai ya taka da kansa, ya same shi kwance, mayafinsa ya zame, ƙasa ta ɓata masa jiki. Ya riƙa kakkaɓe masa ƙasar yana tashinsa da laƙabin Abu Turab, laƙabin da Ali ya zo ya fi son a kira shi da shi. Dubi abubuwan da ke cikin ɗan labarin nan. Gidan da ya fi gidajenmu albarka ma an saɓa a cikinsa. 'Yar ba ta ce ba komai ba, ta faɗi gaskiya a taƙaice. Uban kuma bai tsaya a ɗakin 'yarsa ya yanke hukunci ba, bai jira suruki ya zo ya durƙusa ba, ya je ya same shi da tattausan hannu. In Alhaji yana ganin girmansa ya wuce ya kira yaron, ya aika wa kawunsa ko wan babansa. Amma kada a zauna ana jiran a ga wanda zai fara, kwanaki na tafiya, zukata na ƙara tauri.

Tun ina aikin koyarwa nake bibiyar abin da masana suka rubuta a kan irin wannan, kuma akwai wanda aikinsa ya tsaya mini a rai. Sunansa John Gottman, masanin halayyar ɗan'adam ne da ya yi aiki a Jami'ar Washington ta Amurka. Shi da abokin aikinsa Robert Levenson sun yi shekaru suna zaunar da ma'aurata su tattauna abin da ke haɗa su faɗa, ana ɗaukarsu a bidiyo, an maƙala musu na'urar auna bugun zuciya, sannan a bi rayuwarsu a ga waɗanda suka rabu da waɗanda suka zauna. A wani bincike da aka buga a 1999, an bi sababbin ma'aurata 124 har shekara 6, aka ga cewa yadda aka buɗe magana a minti 3 na farko yana nuna inda auren ya dosa. Wanda ya fara da sara, da wuya a ƙare lafiya. Ya kuma ware halaye huɗu da ya ce su ke cinye aure: kushe mutum ɗungurungum maimakon faɗin abin da ya yi, da raini, da kare kai ko ta halin ƙaƙa, da yin gum. Ya ce raini ya fi sauran illa. Wannan ai ba sai an je Amurka ba: tsaki, harara, taɓe baki, kwaikwayon muryar mutum, "Kai har wani namiji ne?", "Ke me kika sani?" Mutum yana iya manta tsawar da aka yi masa cikin fushi, amma tsakin da aka yi masa a gaban mutane yana kwana da shi shekaru.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar zuciya. Ya ga cewa in bugunta ya haura kamar 100 a minti ana cikin gardama, mutum ya daina jin abin da ake gaya masa, jikinsa ya shirya faɗa ko gudu, kuma yana bukatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko. Da na karanta sai na tuna abin da aka koya mana a Islamiyya, hadisan da Abu Dawuda ya kawo, cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ya kuma yi alwala. Alƙali ma an hana shi yanke hukunci yana cikin fushi, to ina ga yaro da yarinya a ɗaki da tsakar dare? Ba na ɗaukar aikin Gottman gaba ɗaya in ɗora a kanmu, don mutanen da ya auna ba su da uwar miji a sashen gaba, ba su da kishiya, ba su da ƙannen miji masu shiga kicin ba sallama. Namu auren ya fi nasu yawan hannuwa. Amma zuciya dai iri ɗaya ce.

Sai dai a kula, janyewa don a huce daban, gaba daban. Mai janyewa cewa yake yi, "Raina a ɓace yake yanzu, bari in yi sallah in dawo mu yi magana," kuma ya dawo ɗin. Mai gaba kuwa horo yake yi da shiru. Kin san gidajen da nake nufi: miji da mata a rufi ɗaya, ana aiken yaro, "Ka ce wa babanka gas ya ƙare," "Ka ce wa mamanka na ji." A ajiye abinci a tafi, a ci a ture kwano a fita, mako ya zagayo. Ina kyautata zaton in aka bincika za a ga 'yarmu da mijinta sun yi kwanaki a haka kafin akwati ya fito, don yaji ba ya faɗowa daga sama. Addini ya yanka wa ƙauracewa tsakanin Musulmi biyu kwana uku, ya kuma fifita wanda ya fara sallama. In haka ne tsakanin maƙwabta, wanda kuke raba shimfiɗa da shi fa?

Maganar waya kuma, don Allah ki sa ido. A da mace in ranta ya ɓaci sai ta zuba shi a waƙar daka, habaicin ya tsaya a katanga, wanda aka yi dominsa ya ji, shi ke nan. Yanzu a WhatsApp ake ɗora shi, duk mai lambarta ya karanta: ƙannen miji, abokansa, tsohuwar budurwarsa. Shi ma ya mayar da nasa, dangi su rabu biyu suna fassara. Ga ɗaukar hoton hirarsu ana tura wa ƙawaye, ga zaurukan Facebook inda mace za ta zuba sirrin ɗakinta, waɗanda ba su san ta ba, ba su san shi ba, su yi ta ce mata ta fito kawai. Magana zarar bunu ce tun a baki, balle wadda aka rubuta aka adana. A gaya mata ta ɗaga hannu daga duk wannan har a gama. Ke ma, Hajiya, ki taƙaita masu ji. Ita gobe za ta yafe masa su ci gaba da dariyarsu, amma 'yan'uwanki da kika gaya wa ba za su sake kallonsa da idon da ba.

Idan an ji nata an ji nasa, sauran aiki nasu ne su biyu, don ba kullum za a samu mai tsintar wake ba. Dole ta koyi faɗa masa da bakinta. Abin da zan gaya mata, in kin bar ni da ita, bai da yawa. Ta zaɓi lokaci: ba yana sa ƙafa a ƙofa da gajiyar kasuwa ba, ba a gaban mahaifiyarsa ba, ba kuma ta waya ba. Ya ci abinci, ya huta, an rufe ƙofa. Ta ɗauki magana ɗaya tak, ta bar na bara da na ranar biki su kwanta. Ta cire "kullum" da "ba ka taɓa" daga bakinta, don tana cewa "Kullum sai ka wulaƙanta ni" zai fara laluben ranar da bai yi ba, maganar ta koma musu. Ta faɗi ranar, ta faɗi abin da aka yi, ta faɗi yadda ta ji, ta faɗi abin da take so: "Ranar Juma'a da ka yi maganar miya a gaban ƙannenka, kunya ta kama ni, ko abincin ban iya ci ba. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka gaya mini mu biyu, zan gyara." Namijin da ke da sauran alheri a zuciyarsa da wuya ya ji wannan ya tashi da faɗa. Kuma duk zafin da za a yi, kada "gidanku" ya shigo. An taɓa iyaye, magana ta bar hannun masu ita.

Ta kuma sani ba komai ne zai gyaru ba. Shi Gottman ɗin ya ƙiyasta cewa kusan kashi 69 cikin 100 na abin da ma'aurata ke saɓawa a kai ba ya ƙarewa, don bambancin hali ne: wannan mai son jama'a, wannan mai son shiru, wannan mai riƙe kuɗi, wannan mai sakin hannu. In Allah ya haɗa ta da mai son majalisa, ba za ta mayar da shi ɗan zaman ɗaki ba. Abin da za ta iya samu shi ne yarjejeniya: ya shigo kafin ƙarfe kaza, su ci abincin dare tare, in zai yi dare ya kira. A irin waɗannan ne haƙuri yake da babban aiki, kuma shi ma akwai nata halin da zai ɗauka har tsufa.

Kada ki ga kamar duk kayan a kan yarinya na ɗora. Raina ya fi ɓaci da yadda muke sakin samarin. Amarya a yi kwana da kwanaki ana yi mata nasiha, goggo ta yi, inna ta yi, kaka ta yi, yi na yi bari na bari. Ango fa? Abokai su yi masa barkwanci, a miƙa masa mabuɗi. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce in matarka ta yi shiru ga yadda ake tambaya, in ka yi kuskure ga yadda ake faɗi. Sai ya shiga aure da abu biyu a hannu, tsawa da shiru, in sun ƙare ya ɗauko biro. An kuma cusa masa cewa namiji ba ya ba mace haƙuri, sai ta raina shi. Alhali Annabi da kansa ya gaya wa Nana A'isha cewa yana gane ranar da take fushi da shi da ranar da take cikin yarda, daga yadda take rantsuwa: in ta yarda ta rantse da Ubangijin Muhammadu, in ta yi fushi ta rantse da Ubangijin Ibrahimu. Dubi irin lurar da ke cikin wannan. Yaronmu na yau matarsa za ta kwana uku ba ta ci abincin kirki ba, bai lura ba, in ya lura ma tambayarsa ita ce, "Wai ke me ke damunki ne?" da muryar da ke rufe baki.

Saboda haka in sun zo biko, kada turmin atamfa da kwalin sabulu su tsaya a madadin magana. A karɓa, a gode, amma a nemi yaron ya faɗi abin da ya fahimta ya ɓata mata rai, da bakinsa, ko da a gaban mutum ɗaya ne. "In na yi miki laifi ki yi haƙuri" ba ban haƙuri ba ne, don bai yarda an yi laifin ba. "Na yi miki magana a gaban yara, bai kamata ba, ba zan sake ba," wannan shi ke warkarwa. Ita ma in nata ya fito, ta faɗe shi haka, ba kwana-kwana. Kuma a ji nasa da gaske. Wataƙila kasuwa ce ta karye masa yana jin kunyar faɗa, ta ce kuɗin cefane bai isa ba, shi kuma ya ji kamar an ce masa ya gaza. Maza da yawa a nan fushinsu yake ɓuya.

Mu nan Kano mun ga abin da rashin wannan ke jawowa, wato yawan saki. Da gwamnati ta fara auren zawarawa a 2012, da ma'aurata 100 aka fara, a 2023 kuma aka ɗaura na 1,800 a tashi ɗaya. An ba da gado da katifa da sadaki, amma Hukumar Hisbah ta gindaya sharaɗin kada ango ya yi saki sai an koma gabanta. Sun gane kayan ɗaki ba sa riƙe aure, dole a sa wata ƙofa kafin saki inda za a tsaya a yi magana. Shari'a ma ai ta riga ta sa ƙofar: ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga gidanta cikin idda, don ana ganin juna zuciya tana iya juyawa. Mu kuwa takarda na fita, akwati na bin ta.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi. Duk wadda za ta zauna da 'yarmu ta tambaye ta kai tsaye, su biyu, ba kunya: yana dukanki? Yana hana ki abinci? Ya taɓa yi miki barazana, ko ya kulle ki? Ta kuma duba jikinta da ido, don yara suna ɓoyewa saboda tsoron abin da za a ce. In amsar e ce, to duk abin da na rubuta a sama a ajiye shi gefe tukuna. Wannan ba rashin iya magana ba ne, cutarwa ce, kuma ba a gyara ta da zaɓen lokaci da tausasa murya. Ba za ta koma ba sai manyansa sun zauna, an yi magana mai shaidu, an ga alamar canji. Mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi ta ba mace damar neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa, kuma babu abin kunya ga iyayen da suka tsaya wa 'yarsu a kan haka. Ina roƙon Allah ya sa ba a kai nan ba. Amma a tambaya, kada a ɗauka.

Yau dai ki bar ta ta yi barci. Ki dama mata kunu, ki sa ƙannenta su daina leƙe, kada kowa ya tambaye ta komai. In Alhaji ya amince, zan shigo mota a Unguwa Uku ranar Asabar da safe, in sha Allahu kafin azahar ina Zariya, sai ki ba mu ɗakin baya ni da ita. Kafin nan ki binciko mini wane ne yaron yake jin maganarsa a danginsu, don shi za a fara nema, kuma ki turo mini amsar Alhaji ko da a saƙo ne.

Ki gaishe shi da kyau, ki gaida yara. Allah ya daidaita tsakaninsu, ya sanyaya miki zuciya.

Taki har kullum,
Aminiyarki